Tarihin da ba a gani da ido, yara ba sa riƙe shi

 Yau ba maganar duwan ko canjin naira da sefa muka zo da ita ba. Wani biki ne da ake yi a ƙasar Ingila, wanda muke ganin akwai darasi a cikinsa ga mai neman na kansa.

A kudancin Ingila akwai wani ƙaramin gari kusa da Hastings, inda aka gwabza yaƙi ranar 14 ga Oktoba 1066. Wiliyam, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa ta yanzu, ya ƙetaro teku da dawaki da maharba, ya yi karo da sarkin Ingila Harold, wanda dakarunsa suka tsaya a ƙasa bisa tudu, garkuwa jikin garkuwa. Aka wuni ana fafatawa, Harold ya faɗi, Wiliyam ya hau gadon sarauta ranar 25 ga Disamba na wannan shekara.

To, idan kaka ta yi, a ƙarshen makon da ke kusa da 14 ga Oktoba, ƙungiyar English Heritage mai kula da wuraren tarihi takan shirya maimaita wannan yaƙi a filin da aka yi shi. Masu wasan ba sojoji ba ne. Mutane ne masu sana'o'insu, su sa sulke da kwalkwali, su riƙe takubban da aka dushe wa kaifi. Gefe guda kuma a kafa sansani irin na wancan zamani: ga maƙeri yana aiki, ga mai saƙa, ga mai girki a murhu. Magidanci ya biya kuɗin shiga, ya zo da iyalinsa, yaro ya ɗaga garkuwa ya ji nauyinta, ya yi tambaya a ba shi amsa. Masu abinci da masu masauki da masu tebur kuwa, ranar kasuwa ta buɗe musu.

Mun kawo wannan ne saboda abin da ya faru a gidan radiyonmu. A wani shiri na matasa mun tambayi masu saurare ko wane ne jagaba a cikin ayari. Waya ta yi ta ƙara, amma sai wani dattijo ne ya ba da amsa daidai. Mafi yawan waɗanda suka kira ƴaƴan ƴan kasuwa ne, wato jikokin fatake. Abin ya tsaya mana a rai.

Ba wai ba mu san kwaikwayo ba ne. Bayan girbi samari na yin kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Damagaram na da wasan kara, inda ake kwaikwayon sarakuna da mahukunta. Hawan salla na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Amma duk wannan tarihin fada ne da na masu doki. Ina tarihin mai jaki da mai raƙumi, waɗanda da harajinsu fada ta tsaya?

Labarin kuwa yana nan. Ayari ya tashi daga Kano da kanwa da rinannen zane da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya kai Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu, ya juyo da goro. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba yana duba hanya, malamin ayari ke riƙe da lissafi da addu'a. A kowace ƙasa sai an daidaita da sarki kan kuɗin wucewa, a kowane kogi sai an biya fito, ciniki kuma da wuri ake ƙirga shi. Daga kalmar zango ne unguwannin Hausawa na Gana suka samo sunansu. Ta arewa kuma, raƙuma ke sauko da kantun gishirin Bilma, su koma da hatsi. Da dogo ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka biyo baya, wannan tsari ya yi ta ja da baya har ya zama labari.

Shawararmu ita ce, bayan an kai amfanin gona gida, ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ware yini ɗaya ko biyu su kafa zango a bayan gari. A shigo da ayari da jakuna da madugunsa. A nuna yadda ake ɗaure huhun goro, yadda ake ƙirga wuri, yadda fatoma ke saukar da baƙo, dillali ya haɗa shi da mai saye. A zaunar da dattawa su yi bayani, a kawo ƴan makaranta, mu kuma mu ɗauki muryoyin mu adana. Gani ya kori ji.

Mun san za a ce ɓarnar kuɗi ce, ga shi kasuwa ta sha wuya da rufe iyakar da aka yi a 2019 da kuma 2023. Amma jakuna da buhuna da rumfar zana duk muna da su, kuma duk inda jama'a ta taru, mai tuwo da ɗan kaɓu-kaɓu da mai tebur sun samu. Maganar tsaro gaskiya ce: inda hanya ba ta da lafiya a jinkirta, inda take da lafiya a yi da rana, da sanin hukuma da sarakuna.

Za a kuma ce, me ya hana mu maimaita yaƙi kamar Turawa? Nasu ya kusa shekara dubu, ƙurarsa ta kwanta. Namu kuwa, irin hare-haren da aka daɗe ana yi tsakanin Maraɗi da Katsina bayan jihadin da ya fara a 1804, har yanzu akwai gidajen da suka san inda kakansu ya faɗi. Kada garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Mu fara da abin da ya haɗa mu. Amma fa kada mu ƙawata ƙarya: a Salaga an sayar da bayi, wasu ayarori kuma da bayi suka yi tafiya. Dole a faɗa wa yara wannan a fili, ba tare da nuna gidan kowa ba.

Dattawan da suka ji labarin nan daga bakin iyayensu kullum raguwa suke yi. Shugabannin ƴan kasuwa, ku sa maganar cikin taronku na gaba, ƙofar radiyonmu a buɗe take. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a neman kowa, amin.