Ɗakin talaka na ƙarewa a Legas, mu kuma ba mu da takarda

Wani tsohon gida da na daɗe ina wucewa ta gabansa a Agege, mai ɗakuna a jere suna kallon juna, yanzu babu shi. Mai gidan ya rasu, magada suka sayar, aka ba 'yan haya notis. Yau bene ne a wurin, kuɗin shekararsa ko a mafarki mai tura baro ba zai iya biya ba. Haka ɗakunan talaka ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da labarin ya kai jarida ba.

Wanda ke kaiwa jarida shi ne rusau. A 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta share Maroko, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, filin ya koma unguwar masu hali. A 2016 da 2017 aka tashi Otodo Gbame, daga baya kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma mutanen ba su koma ba. Mu ma mun ɗanɗana a Alaba Rago.

Ba wai gwamnati ba ta taɓa gina wa talaka ba ne. Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo Odofin, Abesan, Iponri da sauransu, kuma har gobe ana zaune a ciki. A 2016 jihar ta fito da tsarin da za ka ba da kashi 5 cikin 100 na kuɗin gida, ka biya sauran cikin shekara 10. Sai dai ana neman shaidar biyan haraji da katin zama ɗan jiha na LASRRA. Mai shayi ko ɗan acaba nawa ne ke da su?

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma takarda ce ke magana. Mu kuwa da yawanmu mun shekara 30 a wuri guda bisa amana, ko rasit babu. Ranar da katafila ta zo, amana ba ta tsayawa gaban alƙali.

Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6. Ana take ta kullum, saboda ba mu san da ita ba.

Don haka, 'yan'uwa, kowa ya nemi rasit ya adana, ya yi katin LASRRA. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa su rubuta sunayen mazauna kowace unguwa, su ɗauki lauya tun kafin notis. Masu halinmu kuma, maimakon kowa ya gina bene a gida Arewa ya kulle, a haɗa kuɗi a sayi irin waɗannan tsofaffin gidaje da takarda, a gyara, a bar su a hayar da talaka zai iya. Idan ba haka ba, 'ya'yanmu da aka haifa a nan za su ƙare a ƙarƙashin gada.