Taswirar gandun Mbam da Djerem: kada a zana ta a bayan idonmu

Makon jiya na tambayi ɗalibaina: a gandun dajin Mbam da Djerem, ina kurmi ya ƙare, ina dajin ciyawa ya fara? Aji ya yi tsit. Alhali iyayen wasunsu daga gefen gandun nan suke kawo zuma da kifi da nono kasuwar Tibati. Ni ma malaminsu ba ni da taswirar da zan kafa musu a allo.

A shekarar 2000 aka kafa gandun, a matsayin diyyar ɓarnar da bututun man Chadi zuwa Kamaru zai yi wa muhalli. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,000. Kudancinsa kurmi ne mai duhu, arewacinsa ciyawa ce da maje da baushe, ga kuma siraran kurmi da ke bin rafuka.

Masu zana taswirar tsirrai kan fara da hotunan tauraron ɗan'adam. Sai su shiga da ƙafa, su auna ƙananan filaye, su ƙirga itatuwa, su rubuta wurin da na'urar GPS. Da aka kwatanta hotunan shekaru daban-daban, an ga kurmi yana cin dajin ciyawa sannu a hankali, musamman inda wutar daji ta ragu.

To, a nan batun ya shafe mu. Da irin wannan taswira ake yanke inda za a saka wuta da wuri da inda masu gadi za su tsananta sintiri. Idan ciyawa ta ragu, makiyayi ne zai fara ji a jikinsa. Kuma hoto daga sama ai ba ya nuna burtali, ba ya nuna itacen da aka rataya amya. Makiyayi da mai zuma su suka san wannan.

Ina goyon bayan kare gandun, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a tafi da mutanen ƙauyukan gefe lokacin awo, a rubuta sunayen itatuwa da Fulatanci da Gbaya da Hausa kusa da na Latin. Na biyu, a dawo da taswirar makarantu da fadar masu gari, ba a kulle ta a ofis a Yawunde ba.

Mu ma da namu nauyi: in an kira taro, mu je. Bai kamata mutum ya san iyaka ranar da aka kama shanunsa ba.