Sayen Fili A Karkarar Kano: Takardar Dagaci Kaɗai Ba Ta Isa Ba

A da, in mutum zai sayi gona ko kango a ƙasar Bichi, Dambatta ko Tsanyawa, mai unguwa da maƙwabta sun wadatar. A zaga iyaka, a nuna layin gamba, dagaci ya shaida, shi ke nan. Yau kuwa gonakin bakin hanyar Katsina, tun daga Dawanau, yanka su ake yi fuloti-fuloti, kuma rigima ta biyo kuɗi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, sayarwa ma sai da yardarta. Filin da ke da satifiket kuwa sai gwamna ya amince. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda ba a nemi wannan amincewa ba. In banki mai tarin lauyoyi ya yi asara, ina ga malamin firamare da ya tara kuɗinsa ta adashi?

Don haka aikin lauya ya wuce rubuta yarjejeniya. Sai ya duba rajistar filaye ko an taɓa sayar da wurin, ko gwamnati ta karɓe shi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta haramta wa mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, ta kuma ɗora wa lauya sanin wanda yake yi wa aiki.

Amma 'yan'uwa, babbar matsalarmu ba ta cikin rajista. Gonar gado ce da ba a raba ba. Ɗa guda ya sayar, bayan shekara 10 ƙanwarsa da ke aure a Kazaure ta zo neman rabonta. Ko kuma gonar jingina ce, wadda mai ita ke da ikon fansa ko da jikoki ne suka kawo kuɗin. Lauyan da bai bar ofishinsa na Kano ya taka gonar ya tambayi magada ɗaya bayan ɗaya ba, a ganina, rabin aiki ya yi.

Kuɗin lauya na da nauyi ga manomi, gaskiya ne. Sai dai dillali ma na cin la'adarsa, kuma ranar da aka kira shari'a ba a ganinsa a kotu.