Barazana Daban, Bashi Daban



A daminar bara wani ɗan'uwa daga ƙasar Roni ya zo wurinmu da dare, fuskarsa duk ta sauya. Shekara huɗu suna haɗa jari da abokinsa, suna sayen riɗi da gero a ƙauyuka suna kaiwa kasuwannin Babura da Kazaure. Da suka rabu, lissafi bai daidaita ba. Abokin ya ce yana binsa kuɗi, shi kuwa ya ce an riga an raba komai. Daga nan saƙonni suka fara shigowa wayarsa: za a ƙone masa rumbu, an san hanyar da 'ya'yansa suke bi zuwa makaranta. Wata uku ya yi yana ɓoye wannan, ko matarsa bai gaya wa ba. Da muka tambaye shi dalili, sai ya ce mu 'yan kaɗan ne a garin, yana tsoron kada rigimar kasuwa ta koma rigimar addini.

Mun fahimci wannan tsoro, gama mu ma a nan muke zaune. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ra'ayinmu shi ne, irin wannan matsala tana da kai biyu, kuma wanda ya cuɗa su wuri ɗaya shi ne yake shan wahala. Bashi daban, barazana daban.

Barazana laifi ce a doka. Dokar Final Kod, wadda Arewa take aiki da ita tun 1960, ta bayyana laifin tsoratarwa a sashe na 396, ta yanke hukuncinsa a sashe na 397: ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyu. In barazanar ta kisa ce, ko ta mummunan rauni, ko ta ƙone dukiya, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 7. Ko da gaske ana bin mutum bashi, wannan bai ba kowa izinin ambaton 'ya'yansa ba.

To, me ya kamata a yi? Da farko, kada a share saƙo ko ɗaya. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta. A rubuta rana da lokaci, da sunayen waɗanda suka ji da kunnensu. Sa'an nan a sanar da mai unguwa ko dagaci, domin su ne iyayen ƙasa, kuma da zarar sun san tushen zancen, da wuya wani ya sauya masa riga. Bayan haka a kai ƙara a rubuce ofishin 'yan sanda, a riƙe kwafi. In an ga ana jan ƙafa, ana iya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Dutse, ko a shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare. Majistare yana da ikon sa mutum ya ɗauki alkawarin zaman lafiya a rubuce, tare da masu tsaya masa. Sau da yawa wannan kaɗai yakan kashe wutar.

Maganar kuɗi kuwa ba aikin 'yan sanda ba ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. In tsohon abokin ciniki ya sa an tsare ka don a matsa maka ka biya, sashe na 46 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka damar neman haƙƙinka a Babbar Kotu. Amma wannan doka takobi ce mai kaifi biyu. Mu ma kada mu ɗauko ɗan sanda ya karɓo mana bashi. Lissafi a kai shi gaban dattawa da shugabannin kasuwa, in ya gagara a tafi kotu da takardu. Game da wace kotu, tun da Jigawa ta faɗaɗa shari'ar Musulunci a 2000, ƙa'ida ita ce ba a hukunta wanda ba Musulmi ba a ƙarƙashinta sai da yardarsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 saboda marasa ƙarfi.

Waɗansu cikinmu za su ce mai bi ba ya zuwa kotu. In abokin rigimar ɗan ikkilisiya ne, hakika dattawa ya kamata su fara zama a kan kuɗin. Amma ran mutum ba abin da za a jira taron kwamiti ba ne. Manzo Bulus da kansa, da ya ga ana shirin hallaka shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Gafara tana hana ramuwa, ba ta hana neman kariya. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne mayar da martani: kada a aika da zagi, kada a tara samari, gama saƙo ɗaya na fushi ya isa ya mai da mai ƙara wanda ake ƙara.

Ɗan'uwan nan ya je wurin dagaci, ya kuma kai ƙara. Saƙonnin sun tsaya cikin mako biyu. Lissafin ya ɗauki watanni, a ƙarshe ma an gano akwai kuɗin buhu uku a kansa, ya biya. Da sun rubuta yarjejeniya tun farko, da duk wannan bai faru ba. Saboda haka muna roƙon duk mai shirin haɗa jari a kakar bana, ko da ɗan'uwansa na jini ne, a rubuta abin da kowa ya zuba da yadda za a raba, shaidu biyu su sa hannu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.