Ra'ayinmu: Furen Wardi da Akwatin Lefe

A shekarar 2002 wani gidan talabijin na Amurka mai suna ABC ya fito da shirin da ake kira The Bachelor, watau tuzuru. Tsarinsa shi ne a tara 'yan mata wajen 25 a gida guda, dukansu suna neman saurayi ɗaya. Kowane mako sai saurayin ya raba furen wardi. Wadda ta samu ta zauna, wadda ta rasa kuwa ta tattara nata ya nata ta koma gida, ana nuna wa duniya hawayenta. Da shirin ya karɓu, sai a 2010 aka mai da shi wasan kwamfuta a na'urorin Wii da DS na kamfanin Nintendo, yadda abokai za su taru a ɗaki, kowa ya zama ɗan takara, a yi ta ƙananan gasanni ana tara maki, wanda ya fi shi zai tsira da masoyi. Ingila ta bi sahu da Love Island a 2015, aka yi masa wasan waya a 2018. A nan Nijeriya ma an yi Ultimate Love a 2020.

Yanzu da waya ta shiga aljihun kowa, babu shingen da zai hana irin waɗannan wasanni isa ɗakin kwanan ɗalibai, ko zauren samari a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo. Wasu za su ce a hana su baki ɗaya. Mu kam ba mu ga inda wannan kira zai kai mu ba, domin kuwa Bahaushe ya daɗe yana wasa da zancen aure. 'Yan mata sukan yi gaɗa a dandali suna zambo ga samari da kishiya, yara sukan yi wa 'yar tsana biki, a Kano kuwa Nalako yakan kama gwauraye da azumi, kowa ya yi dariya ya watse. Abin da ya kamata mai ilimi ya duba shi ne dokokin wasan, domin a cikin dokokin ne darasin yake ɓoye.

Doka ta farko ita ce a jera mutane kamar awaki a kara, a zaɓi ɗaya, a kori saura. Ta biyu, amsar da ake so ita ce wadda za ta kawo maki, ko gaskiya ce ko ƙarya. A wasan wayar Love Island ma, tufafi da zantukan da suka fi jan hankali sai an biya su da lu'ulu'un cikin wasa, wanda ake saye da kuɗi na gaske. Ta uku, wasa yakan ƙare a ranar zaɓe, alhali kuwa duk wanda ya ga zaman iyayensa ya san daga ranar ne aiki yake farawa. Sakamakon a fili yake. Mafi yawan waɗanda The Bachelor ya haɗa sun rabu, haka waɗanda suka ci Ultimate Love sun watse tun ba a ɗaura aure ba. A 2019 har wani kwamitin Majalisar Dokokin Ingila ya buɗe bincike a kan yadda gidajen talabijin suke kula da mutanen da suke sawa a irin waɗannan shirye-shirye.

To, amma fa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Kafin mu tsine wa Turawa, mu dubi yadda neman aure ya koma a garuruwanmu. Yarinya ɗaya, samari biyar suna zuwa zance, kowa yana ƙoƙarin toshinsa ya danne na ɗan'uwansa. Bayan kayan na gani ina so, ga gaisuwar iyaye, ga kuɗin sa rana, sannan ga uban gayya, lefe, wanda ake bajewa mata su zo gani, suna ƙirga akwatuna da turamen zane kamar yadda ake ƙirga maki. A ɗaya ɓangaren kuma uban yarinya yana sayar da sa ko jinginar da gona saboda kayan ɗaki da gara, don kada dangin miji su yi masa gori. Shin wane bambanci ne tsakanin furen wardi da akwatin lefe? Sadakin da shari'a ta wajabta kuwa, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne kawai.

Wa yake biyan kuɗin wannan gasa? Ƙasar Goronyo da Wurno ƙasar noman rani ce. Da ruwan madatsar Goronyo da ke kan gulbin Rima da fadamun yankin ake samun shinkafa, da albasa, da tafarnuwa. Saurayi zai kwashe watanni yana ban ruwa cikin sanyi, ya sayar da albasarsa, ya zuba ribar a toshi, rana ɗaya wani mai albashi ya zo daga birni ya yi masa shigar sauri. Daɗin daɗawa, yanki ne da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama, kuma ba a manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ba, inda aka rasa rayuka fiye da 40. Matan da aka bari da takaba, da marayun da ba su da mai yi musu kayan ɗaki, wa zai dube su in aure ya zama gwanjo? Tun 2012 gwamnatin Kano take ɗaukar nauyin auren zawarawa, a Oktoba 2023 kaɗai ta aurar da mata 1,800. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa tsada ta fi ƙarfin talaka.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, sau da yawa mu ne masu ɗaga farashin nan, kuma abin da ɗan boko ya yi bana shi ƙauye yake kwaikwaya baɗi. Saboda haka shawararmu uku ce. Wanda ya so wasan ya yi abinsa, amma kada a sa sunan wata ɗaliba ta gaske a ciki ana ba ta maki, domin mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Na biyu, ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo su yi amfani da hutu su zauna da hakimai da limamai, musamman kuma da iyaye mata, tunda a hannunsu lefe yake, a tsai da iyakar da kowa zai iya. Na uku, kowa ya fara da kansa ranar da nasa ya zo.

Mai wasan kwamfuta in ya yi zaɓen tumun dare sai ya danna ya sake daga farko. Manomin da ya jinginar da gonarsa ba shi da wannan gatan. Allah ya sa mu gane.