FILIN GIDA DA GARKA: Furen da ya dace da gida mai yara da bisashe

Damina ta kusa. A ƙasar Damagaram ruwan shuka yakan sauka cikin watan Yuni ko farkon Yuli. Mai gida yana sharar gona. Uwar gida kuma tana duban tsakar gida, tana so wuri ya yi kore, ya yi kyan gani. Wani yakan je kasuwar Zinder ran Alhamis, ko ta Mirriya ran Lahadi, ya komo da ɗan dashe a hannu. Wata takan roƙi reshe wajen maƙwabciya, ta kafa kusa da randa.

Shuka fure abu ne mai kyau. Amma tsakar gida ba ta manya ba ce su kaɗai. Nan jariri yake rarrafe. Nan aka kafa turken tunkiya. Nan kaji suke tono, kyanwa tana kwance a inuwa. Yaro mai rarrafe, kome ya samu baki yake kaiwa. Akuya mai yunwa kuma ba ta tambayar sunan ganye. Saboda haka, kafin a kafa icce a gida, sai a san sunansa, a san halinsa.

MASU KYAN ƊAN MACIJI

Ga waɗanda bai kamata su zauna a tsakar gida ba.

1. Zaƙami. Furensa fari ne, dogo kamar kakaki. Ƴaƴansa dunƙule ne mai ƙaya. Yana fitowa da kansa a kan juji da bayan danga. Ba banza ba ake ce masa haukata-yaro. Yaron da ya ci ƙwayarsa, bakinsa ya bushe, jiki ya yi zafi, baƙin idonsa ya buɗe, ya dinga sambatu. In ya ci da yawa yana iya suma, yana iya mutuwa.

2. Kariya. Gindinta ƙato ne, furenta ja-ja mai ɗaukar ido, har da rani lokacin da ba ta da ganye. Shi ya sa mutanen birni suke son ta cikin tukunya. Amma ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya. Maharban da sun yi dafin kibiya da shi.

3. Loriye-roz. Sunan Faransanci ne, domin baƙon icce ne. Ana ganinsa a ƙofar ofisoshi da gidajen birni. Ganyensa dogo ne siriri, furensa ja-ja ko fari. Ganye, fure, reshe da saiwa, duka guba ne. Ganyensa cikin tafin hannu ɗaya yana iya kashe saniya. Ko ya bushe gubar tana nan. Kada a yi tsinken tsire ko asuwaki da shi. Kada a sa shi a murhu.

4. Bini-da-zugu. Yana da amfani wajen shingen garka, domin bisashe ba su cinsa. Amma ƙwayarsa tana da garɗi kamar gyaɗa, yara suna ruɗuwa da ita. Ba a daɗewa sai amai da zawo mai tsanani su kama su. A bar shi can bakin gona, nesa da wurin wasan yara.

5. Zurma, wato cika-gida. Ƙwayarta mai zane ce, tana sheƙi kamar ƙwaro. Ƙwaya kaɗan da aka tauna sun isa su kashe ƙaramin yaro. Kaji da tumaki ma ba su tsira ba.

6. Idon zakara. Ƴar ƙwaya ja mai baƙin kai, wadda yara suke tarawa don wasa. Ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kisa.

7. Tumfafiya. Ba a shuka ta, ita take zuwa. Karanta yana da amfani wajen rufin ɗaki. Amma nononta yana ƙona ido, yana dushe gani, kuma yana taɓa zuciya in an sha.

8. Taba. Mata sun san furen taba wajen gyaran haƙori. Amma ganyenta guba ne ga yaro, ga kare, ga akuya. Wurinta garka mai shinge.

Makiyayi kuma ya kula da duman kada, mai yaɗo a bakin tabki, mai fure kalar shuni. Da rani ma yakan zauna kore. Dabbar da ta ci shi da yawa takan kama makyarkyata, ta yi ta tangaɗi. Kada a kawo shi gida don ado.

ALAMU UKU

Ba kowa ya san sunan kowane icce ba. To, ga alamu uku da za su taimaka.

Ta fari: a karya ɗan ganye. In farin nono ya fito, a yi hattara, a wanke hannu.

Ta biyu: a dubi ƴaƴan. In suna da ƙwaya mai sheƙi ko mai kala, yaro zai ɗauka. A yi tambaya kafin a shuka.

Ta uku: a dubi bisashe. Iccen da ya tsaya kore shar tsakiyar rani, awaki suna wucewa ba su taɓa shi ba, akwai dalili.

Amma kada a juya maganar. Don akuya ta ɗan ci ganye ba ta mutu ba, ba shi ne ya nuna yaro zai ci ya kwana lafiya ba. Cikin akuya dabam, cikin yaro dabam. Kuma in mai sayar da dashe bai san sunan abin da yake sayarwa ba, a bar masa kayansa. A tambayi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA YA KAMATA A SHUKA

Furen da ya fi kwanciyar rai ba a nesa yake ba. Yana cikin kayan miya. Abin da kakanni suka daɗe suna sawa a tukunya, an riga an san halinsa.

Yakuwa tana da fure fari-fari mai jan ciki. Ganyenta miya ne, soɓorodonta abin sha ne.

Kuɓewa da rama suna da babban fure rawaya mai duhun ciki. Layi ɗaya a jikin danga ya isa ado.

Karkashi, wato yoɗo, furensa ja-ja ne kamar ƴar ƙararrawa. Ba ya son ruwa da yawa.

Kabewa tana hawa rumfa, ta ba da inuwa, ta yi fure ruwan ƙwai.

Zogala, wadda wasu suke kira tamaka, tana yin farin fure mai ƙanshi. Ganyenta abinci ne ga yara da mai shayarwa, ragowar kuma ta awaki ce. Ganye da fure ake ci, ban da saiwa.

Ɗaɗɗoya tana zama cikin fasasshiyar tukunya, tana ƙamsasa ƙofar ɗaki.

Rumman yana yin jan fure, daga baya ya ba da ƴaƴa.

Mai son furen birni kuma, akwai marasa guba. Akwai ziniya mai kala-kala. Akwai babban furen nan rawaya mai bin rana, wanda kaji suke son ƙwayarsa. Akwai bugambil mai hawa katanga, sai dai yana da ƙaya, a kafa shi inda yara ba su bi.

Abu biyu suna son kulawa. Albasa da tafarnuwa abincin mutane ne, amma suna ɓata jinin kare da kyanwa. Lalle kuma furensa yana da ƙanshi, yana yin shinge mai kyau, amma ba abin ci ba ne, kuma kada a shafa wa jinjiri sabon haihuwa.

Kowa ya san wuyar ruwa a Zinder da rani. Ruwan da yarinya ta ɗauko a ka, ko aka saya wajen ɗan garuwa, bai kamata ya ƙare a gindin guba ba. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun isa su raya yakuwa da ɗaɗɗoya. Ido ya samu, tukunya ta samu.

In akwai mugun icce a gida tun da, a sa leda ko tsumma a hannu, a tumɓuke shi har saiwa. A tsince ƙwayoyin da suka zuba. A haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a jefa bayan danga inda garke yake wucewa.

IN TSAUTSAYI YA AFKU

1. A cire abin da ya rage a bakin yaro, a kurkure masa baki da ruwa.

2. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa mai, ko kanwa, ko jiƙo.

3. A tsinki ganyen, ko furen, ko ƴaƴan da ya ci, a tafi da su, likita ya gani da idonsa.

4. A kai shi gidan likita mafi kusa nan da nan, ko da yana wasa. Gubar zurma da ta idon zakara takan yi awoyi, wani lokaci har kwana, kafin ta nuna. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi babban asibitin Zinder.

5. In nonon icce ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a murza. Daga nan a je likita.

6. In dabba ce, a janye sauran garke daga wurin, a kira likitan dabbobi. Dabbar da guba ta kama, kada a ci namanta, kada a sha nononta, sai likitan ya ce.

Mutanen Damagaram ba baƙi ba ne wajen zaɓen icce. Sarakunan da sun hana saran gawo, da horo mai tsanani, domin sun san amfaninsa ga gona da garke. Bayan farin 1984, manoman Magariya, Matamai da Mirriya suka dinga barin tohon gawo a gonakinsu, har ƙasa ta sake yin itatuwa. Manomin da ya san iccen da zai bari a gona, ba zai kasa sanin wanda zai bari a gida ba.

Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa maƙwabcinsa. Kafin ruwan fari, mai gida da uwar gida su zaga gida tare, su duba bayan ɗaki, gindin danga da kan juji. A nuna wa manyan yara zaƙami da zurma, a gaya musu sunansu, domin su ne masu renon ƙanne. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare yara da dukiya. Sai wata mai zuwa.