Tayar da ta dace da hanyoyin Itas

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ga keke ya dawo da darajarsa a wajenmu. Wasu sun kaɗe wa tsohuwar Raleigh ko Phoenix ƙura, matasa kuma sun raja'a kan kekunan gwanjo masu giya, waɗanda Turawa suka ƙera don hawan duwatsu. Sai dai akwai kuskuren da nake ganin ana yi wajen sayen taya, wanda ni ma sai da na yi shi.

Da na dawo gida daga Ingila na zo da kekena, tayoyinsa masu manyan haƙora, ina ganin ai na gama da hanyar ƙauye. Ashe ban san komai ba. A kan kwalta sai gurnani take yi tana cin ƙarfina, kafin wani lokaci haƙoran tsakiya sun cinye. Irin wannan taya don laka da duwatsu aka yi ta, mu kuwa a Itas rairayi ne da ƙaya, sai laka a damina idan mutum ya gangara fadamar kogin Jama'are. Wanda zai je Gadau ko Azare kuma dole ya haɗa hanyar ƙasa da kwalta a tafiya ɗaya.

Siririyar taya mai sulɓi ita ma ba ta kai mutum. A kan titi kamar iska, amma da ta shiga rairayi sai ta nutse, mai keke ya sauko ya koma turi.

Ra'ayina shi ne a nemi ta tsakiya, wadda bayanta yake kusan sumul ko yake da ƙananan haƙora a matse, gefunanta kuma da haƙora masu ɗan tsini. Tsakiyar ke aiki a kwalta, gefen ke riƙe ƙasa idan an sha kwana. A duba lambar da ke jikinta, misali 26 x 1.95. Ta farko girman ƙafar keken ce a inci, ta biyu faɗin tayar. Faɗin inci biyu ko kusa da haka ya isa.

Na san wani zai ce a Turai yanzu an koma inci 27.5 da 29, har da tayoyin da ba su da tub. Haka ne, amma wa zai gyara maka su a bakin kasuwa? Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kuma tayoyin kekunanmu galibi daga Sin da Indiya ake shigo da su. Kafin ka sayi keke, ka tambaya a Azare ko ana samun tayarsa da tub ɗinsa. Keken da mai faci bai san kansa ba, ranar da ya yi faci ya zama kayan ado.

Babban abokin gabarmu tsidau ne da ƙayar bagaruwa. Don haka kaurin roba ya fi mini kyan zane. Wasu masu gyara kan tsaga tsohon tub su shimfiɗa a cikin taya, yana ƙara nauyi amma yana rage faci. Sannan a riƙa yawo da famfo, a rage iska kaɗan a rairayi don tayar ta baje, a ƙara idan an hau kwalta, kada dai a wuce adadin da aka rubuta a gefenta.

Ɗalibin da ya makara ko manomin da ya tura keke da buhu a tsakar rana ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin ka ba da kuɗinka, ka tuna hanyar da kake bi kullum, ita za ta zaɓa maka taya.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa.